'Yar Hamada Cikin Bargon Sanyi: Asalin Kyanwoyi Masu Dogon Gashi

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa mutum ya rasa inda zai sa ransa, na je gaishe da gwaggona. Ina shiga na tarar da kyanwar da ɗanta ya sayo mata ta baje a kan tayil ɗin banɗaki, ciki a ƙasa, baki a buɗe, tana haki. Irin wadda ake kira 'yar Farisa ce, fara fat, gashi yana jan ƙasa, hanci a lotse kamar an danna shi da babban yatsa. A kan katangar tsakar gida kuwa ga magen unguwa, siririya, mai launin ƙasa da ratsin baƙi, tana lasar dagi hankali kwance. Gwaggo ta ga ina kallonsu, sai ta ce, "Ai ba ɗaya ba ne, ɗan nan. Tawa jinin ƙasar sanyi ce, waccan kuwa 'yar bola."

Yawancinmu haka muka ɗauka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin gashin dai na ƙasar sanyi ne. Amma idan maganar jini ake yi, kakarsu ɗaya, kuma ta kan katangar ce ta fi ɗauko kamanninta.

Duk kyanwar gida da ke duniya, daga ta kasuwar Kurmi har ta birnin Mosko, zuriyar dabba ɗaya ce, wato kyanwar dajin Afirka da masana ke kira Felis lybica. Tana nan har gobe a dazuzzukan Sahel da Arewacin Afirka da yankin Larabawa. Wanda ya haska ta da fitila da daddare zai rantse magen wani gida ce ta ɓata, sai dai ƙafafunta sun fi tsawo, bayan kunnuwanta kuma ja-ja ne. A 2007 Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gadon kyanwoyi kusan 1,000, na gida da na daji, daga nahiyoyi daban-daban, suka tarar na gidan duka daga wannan tsatso suka fito. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Turai ma tana da tata kyanwar dajin, Felis silvestris, kakkaura, mai gashi cunkus da wutsiya kamar tsintsiya, wadda ta yi dubban shekaru cikin dusar ƙanƙara. Da kamanni kawai za a bi, sai a ce ita ta haifi masu dogon gashin Norwe da Rasha. Ba ita ba ce. Dabba ce mai wuyar sabo da mutum ko da an raine ta tun idonta bai buɗe ba. Wadda ta yarda ta matso kusa da ɗan Adam ita ce 'yar hamada.

Rumbu ne ya haɗa su. Da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara alkama da sha'ir, ɓera ya samu wurin zama, kyanwa kuma ta biyo ɓera. Babu wanda ya je daji ya ɗauro ta da igiya kamar yadda aka yi wa tunkiya ko saniya. Ita ta kawo kanta, manomi ya ga amfaninta ya ƙyale ta. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa kusa da juna, alhali tsibirin ba shi da kyanwa ta asali, ke nan a kwale-kwale aka kai ta. Masarawan dā suka ɗaga darajarta har suka haɗa ta da abin bautarsu Bastet, suna zana ta a ƙarƙashin kujerar uwargida. Daga nan jirgin ruwa ya karɓi aikin, tunda duk jirgin da ke ɗauke da hatsi yana buƙatar mai kama ɓera. Wani bincike na 2017 a kan ƙasusuwan tsofaffin kyanwoyi fiye da 200 ya gano jinin kyanwar Masar a Ralswiek, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, a gaɓar tekun Baltik. Idan aka auna da daɗewar wannan dabba a hamada, zuwanta ƙasashen ƙanƙara kamar jiya ne.

Shi ya sa har yanzu hamadar tana cikin jikinta. Ƙodar kyanwa tana tace ruwa ta mayar da mafi yawansa jiki, fitsarinta ya fito kaɗan kuma da kauri. Ba ta cika jin ƙishi ba, domin kakanninta daga naman ɓera da tsuntsu suke samun ruwa. Zafin jikinta yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara namu. A ƙauyukan Rasha, kyanwa da duk gashinta a kan babban murhun ɗumama ɗaki take kwana.

To daga ina dogon gashin ya fito? A ƙarni na 18 wani masanin halittu Bajamushe da ya yi aiki a Rasha, Peter Simon Pallas, ya yi hasashen cewa masu dogon gashi sun gaji wata kyanwar daji ta tsakiyar Asiya da ake kira manul. Hasashen bai tabbata ba. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. Kowane silin gashi yana da lokacin girma da lokacin tsayawa. Akwai wata ƙwayar gado, FGF5, wadda aikinta shi ne ta ba gashi umarnin ya tsaya haka nan. Idan ta samu tangarɗa, umarnin sai ya makara, gashin ya ci gaba da tsawo. A 2007 masana suka gano irin wannan tangarɗa har kala 4 a jikin kyanwoyi: ɗaya ta bazu a kusan duk masu dogon gashi, wata a irin kyanwar gida da ake kira kyanwar dajin Norwe aka same ta, sauran kuma a irin na Amurka. Ma'ana, abin ya faru fiye da sau ɗaya, a wurare daban-daban. Ƙwayar nan ce dai ke haifar da dogon gashi a wasu karnuka da ɓeraye.

Yadda ake gadonsa kuwa, duk wanda aka taɓa yi wa gwajin jini kafin aure ya san lissafin. Kamar yadda mai AS ke ɗauke da sikila ba tare da ta bayyana a jikinsa ba, haka kyanwa mai gajeren gashi za ta iya ɗauke da ƙwayar dogon gashi a ɓoye. Sai uwa da uba duka sun bayar sannan ya fito. Idan masu ɗauke da ita biyu suka haɗu, a lissafi ɗa ɗaya cikin huɗu zai zo da dogon gashi, idan kuma masu dogon gashi biyu ne, 'ya'yan duka haka za su zo. Bambancin kawai shi ne dogon gashi ba cuta ba ne. Wannan ɓoyayyen gado ne ya sa wani lokaci magen unguwa ke haifar ɗa mai gashi buzu-buzu, mutane su yi ta tambayar daga ina.

Sanyi bai ƙirƙiri wannan tangarɗa ba, tankaɗe kawai ya yi. A ƙasa mai zafi, ɗan kyanwa mai dogon gashi ba shi da wata riba, sai ma ƙaya da ƙarangiya da ƙuma. A inda hunturu ke kashe dabba kuwa, shi ne zai kai bazara har ya hayayyafa. Mutane da yawa idan an ce Iran (Farisa ta dā) ko Turkiyya, hamada suke hangowa, alhali Khurasan da tudun Ankara wurare ne da ƙanƙara ke zuba, tafkin Van da ke Turkiyya ma yana sama da mita 1,600 daga gaɓar teku. Daga waɗannan wurare ne Turawa suka fara ganin masu dogon gashi. Wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya ba da labarin kyanwoyin Khurasan a wajajen 1620, a daidai zamanin da wani masani Bafaranshe, Nicolas de Peiresc, ya sa aka kawo masa na Ankara zuwa Faransa.

Inda aikin sanyi ya fi fitowa fili shi ne a iri uku: kyanwar dajin Norwe, ta Siberiya, da Maine Coon ta arewa maso gabashin Amurka. Tsawon gashi kaɗai ba ya hana jin sanyi, tsarin gashin ne ke yi. Ta Norwe riga biyu gare ta. A ciki akwai gashi mai laushi kamar auduga da ke riƙe iska mai ɗumi kusa da fata, a waje kuma dogayen silla masu maiƙo da santsi waɗanda ruwan sama da ƙanƙara ke zamewa a kansu, kamar yadda ruwa ke bin jinkar ciyawa ya sauka ba tare da ya jiƙa ɗaki ba. Ta Siberiya hawa uku ne nata. Dukansu suna da geza a wuya da ƙirji, da gashi mai kauri a cinyoyin baya kamar sun sa buje, da tuntu a cikin kunne. Tsakanin yatsunsu ma gashi ne ke fitowa, yana kare tafin ƙafa daga daskararriyar ƙasa, ƙafafun kuma faffaɗa ne don kada su nutse a dusar ƙanƙara. Wutsiyar nan mai kauri bargo ce: idan kyanwar ta duƙunƙune sai ta naɗe ta a hanci da ƙafafu.

Girman jiki ma yana cikin lissafin. Tun 1847 Carl Bergmann ya lura cewa dabbobin ƙasar sanyi sukan fi 'yan'uwansu na ƙasar zafi girma, saboda babban jiki ya fi jinkirin hucewa, kamar yadda tuwon babbar tukunya ke daɗewa da zafi fiye da malmala ɗaya. Muzurun Maine Coon yakan kai kilo 6 zuwa 8, wani ya wuce, kuma ba ya gama girma sai ya shekara 3 zuwa 5, alhali magen gida a shekara ɗaya ta gama. Wani mai suna Stewie da aka auna a 2010 ya kai santimita 123 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya. Sai dai ba sanyi kaɗai ya yi wannan ba, masu kiwo na baya-bayan nan sun ƙara gishiri, domin masu saye ƙato suke so.

Akwai wani abu da ya kamata mai sha'awar irin waɗannan a ƙasarmu ya sani. Rigar sanyin ba ta dindindin ba ce. Kyanwar Norwe a bazara takan zubar da gashin cikin kusan duka, ta koma siririya, sai wutsiya da tuntun kunne su rage shaida. Abin da ke ba ta umarnin zubarwa, tsawon yini ne fiye da zafi. A can arewa, bambancin yinin bazara da na hunturu sa'o'i ne masu yawa, har akwai inda rana ba ta faɗuwa. Mu nan tazarar ba ta kai sa'a biyu ba duk shekara, ga kuma hasken lantarki a ɗaki, wanda aka san yana sa kyanwa ta riƙa zubar da gashi kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa maimakon ta tuɓe rigar gaba ɗaya.

Kowanne cikin ukun yana da tatsuniyarsa. Mutanen Norwe suna danganta tasu da kyanwoyin da ke jan karusar Freyja, wata abin bauta a labaran kakanninsu. A jihar Maine ta Amurka an daɗe ana cewa tasu haɗin kyanwa ce da wata dabba mai zoben wutsiya da ake kira rakun, daga nan ma sunan ya samo asali, alhali dabbobin biyu ba sa haihuwa da juna. Wasu kuma su ce kyanwoyin Sarauniya Marie Antoinette ta Faransa ne aka tsallako da su. Gaskiyar ba ta kai haka armashi ba: kyanwoyin jirgin ruwa ne da na gona, suka sauka a gari mai tsananin hunturu, masu ƙarfi suka rayu.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 babu wani abu wai shi "tsantsar iri" a duniyar kyanwa. Mun san Balami da Uda da Yankasa a tumaki, mun san Bunaji da Rahaji a shanu, mun san jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Waɗannan makiyaya ne suka zaɓe su shekara da shekaru saboda nama ko nono ko fata ko juriyar tafiya. Karnuka ma an ware na farauta da na gadi da na kiwo. Kyanwa kuwa babu wanda ya ga dalilin gyara ta, tunda kama ɓera ta riga ta iya. Sai a watan Yulin 1871 wani mai zane, Harrison Weir, ya shirya gasar nunin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, ya rubuta siffofin da alƙalai za su ba maki. Daga ranar ne ido ya zama ma'auni. Yau ƙungiyar rajistar kyanwoyi ta Amurka, CFA, ta amince da iri 40 da 'yan kai, takwararta TICA kuma fiye da 70, mafi yawansu ba su kai shekara 100 ba, kuma bambancinsu kusan duka a launi ne da gashi da siffar kai.

Gasar ta ɗaga wasu ta kayar da wasu. Wata Maine Coon mai suna Cosey ce ta lashe babbar gasar Madison Square Garden a New York a 1895, amma da yayin 'yar Farisa ya zo aka yi watsi da irinta, har a shekarun 1950 wasu suka ce ta ƙare. Sai 1976 CFA ta ba ta cikakken matsayi, jihar Maine kuma ta ayyana ta kyanwar jiha a 1985. Ta Norwe an fara nuna ta a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin, ta kusa narkewa cikin masu gajeren gashi saboda ɓoyayyen gadon nan da na bayyana, kafin ƙungiyar rajistar kyanwoyi ta ƙasa da ƙasa, FIFe, ta amince da ita a 1977. Ta Siberiya ba ta isa Amurka ba sai 1990.

A kan 'yar Farisa ne nake da magana mai nauyi. Wanda ya dubi hotunanta na ƙarshen ƙarni na 19 zai ga kyanwa mai hanci kamar na kowace kyanwa. Lotsattsiyar fuskar nan a tsakiyar ƙarni na 20 ta yi ƙarfi a Amurka, alƙalan gasa suka so ta, masu kiwo suka yi ta matsawa. Wani bincike na 2008 ma ya nuna cewa ta yanzu, a jini, ta fi kusa da kyanwoyin Yammacin Turai fiye da na ƙasar da take ɗauke da sunanta. An gajarta ƙashin fuska amma naman ciki bai ragu ba, sai hanyar numfashi ta matse. Magudanar hawaye ta lanƙwashe, shi ya sa kullum idonta ke zubar da ruwa yana ɓata gashin fuska. Haƙora sun cunkushe, haihuwa ta yi wuya saboda faɗin kan jarirai. Ga ciwon ƙoda na gado mai sa ƙulle-ƙullen ruwa, wanda kafin a samo gwajinsa a 2004 ana samunsa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na irin. Kamfanonin jiragen sama da dama sun daina ɗaukar masu irin wannan fuska a ma'ajiyar kaya. Ana yabon haƙurinta, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, amma ni idan na ga dabba tana yini a kwance nakan tambayi kaina nawa ne hali a ciki, nawa ne wahalar numfashi. A ganina kiwon dabba don a ƙara mata siffar da ke hana ta shaƙar iska zalunci ne, ko da da ƙauna aka yi shi.

Kada a ɗauka ukun da sanyi ya ƙera sun tsira. Da zarar an buɗe rajista aka ce ba za a haɗa su da bare ba, an shiga auren zumunci mara iyaka, ɓoyayyun cututtuka kuma sai su fito. A Maine Coon akwai ciwon kaurin naman zuciya, wanda aka gano ɗaya daga ƙwayoyin gadonsa a 2005, da gocewar ƙashin ƙugu saboda nauyi. Ta Norwe tana da wata cutar gado da ke kashe 'ya'ya tun suna ƙanana. Magen kan katanga, da babu mai zaɓa mata miji, ta fi su faɗin jini, abin da ke kashe ta yunwa ce da mota da rashin rigakafi.

Masu talla sukan ce ta Siberiya ba ta tayar da atishawa ko asma. Abin da ke tayar da su wani sinadari ne, Fel d 1, da ke fitowa daga yawu da maiƙon fata, ba daga tsawon gashi ba. Wata kyanwar takan fi wata ƙarancinsa, amma babu irin da ba shi da shi.

Kyanwa ba ta gumi sai ta tafin ƙafa. Dabararta ta sanyaya jiki ita ce ta lashe gashinta yawun ya bushe, ta nemi inuwa. A jikin mai hawa biyu ko uku, yawun ba ya isa fata. Kare idan ya yi haki ba komai, amma kyanwa idan ta buɗe baki tana haki ba tare da ta yi guje-guje ba, alamar haɗari ce, a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi. A garin da zafi ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta, wanda ya sayi irin wannan ya ɗauki nauyi babba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ya fi tsananta a nan, domin 'yar Farisa ko an sake ta ba za ta iya riƙe kanta ba. Gashinta idan aka kwana biyu ba a taje ba sai ya cukurkuɗe, ya ja fata, ƙuma da makero su samu mafaka a ƙarƙashi. Ana iya rage shi a lokacin zafi, musamman na ciki, amma kada a aske ƙwal, don gashin yana kare fata daga rana. Ruwa kuma a ajiye shi wuri biyu ko uku, a haɗa mata da abinci mai danshi, tunda da kanta ba za ta sha isasshe ba.

Yawancin waɗanda ake sayarwa a biranenmu da sunan 'yar Farisa ba su da takardar asali, da yawansu haɗe-haɗe ne masu matsakaicin gashi da hanci sosai. Masu saye sukan ji kamar an cuce su. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi, mai hancin zan ɗauka.

Ranar dai ni da Gwaggo muka jiƙa tsumma muka shafe wa tata ciki da tafin ƙafa, muka kai ta asibitin dabbobi da yamma, aka rage mata gashi. Da na koma bayan sati biyu, na same ta a lungun da randa take, ta kwanta a kan jiƙaƙƙen yashin da ke gindinta. Gwaggo ta ce tun da ta gano wurin ba ta ƙara komawa banɗaki ba, kuma da rana tsaka magen katangar ma takan sauko ta kwanta ta ɗaya gefen.